Garuruwan Da Maƙwabci Ne Ɗan Kwana-Kwana: Ziyara A Karkarar Ostareliya

A wannan watan za mu yi nisan kiwo, domin zan ɗauke ku har ƙasar Ostareliya, inda lokacin da muke fama da sanyin hunturu a Disamba da Janairu, su kuma suna tsakiyar zafin bazara. A jihar Biktoriya da ke kudu maso gabashin ƙasar akwai wasu ƙananan garuruwa biyu a cikin duwatsu da dazuzzuka, Marysville da Kinglake, waɗanda duk ɗan ƙasar da ya ji sunansu abu ɗaya ke faɗo masa a rai, wato gobarar daji. A irin waɗannan garuruwa tashar kashe gobara ba ta da ma'aikaci mai albashi ko ɗaya. Idan wuta ta tashi, manomi da malamar makaranta da mai shago da matar aure su ne ke ajiye abin da suke yi, su hau mota su tunkare ta. To, wa ke sayen motar? Wa ke zuba mata mai? In ɗayansu ya ji rauni wa ke ɗaukar nauyinsa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce tsarabar da na kawo muku.

Zaman jegon ɗiyata ne ya kai ni birnin Melbon a ƙarshen shekarar 2025. Da aka yi arba'in sai surukina ya ce bai kamata in koma gida ban ga komai ba sai falo da kicin, don haka wata safiya muka ɗauki hanya.

HANYAR MARYSVILLE

Daga Melbon zuwa Marysville tafiyar kimanin kilomita 100 ce ta arewa maso gabas. Muna barin hayaniyar birni sai muka faɗa kwarin kogin Yarra, gonakin inabi da makiyayar shanu hagu da dama, har muka iso garin Healesville. Daga nan hanya ta fara hawan dutse tana lanƙwasa kamar maciji, ta ratsa wani daji da ban taɓa ganin irinsa ba. Itatuwansa dangin bishiyar turare ne, irin wadda ake dasawa a gandun daji da bakin titi a wajenmu, domin dama asalinta daga can ne. Sai dai nasu miƙaƙƙu ne sambal, wasu tsawonsu ya haura mita 80. Sai ki ɗaga kai har ɗankwalinki ya nemi zamewa ba ki hango ƙarshensu ba.

Wannan kyau nasu kuwa a nan haɗarin yake. Ganyen turare yana da mai, wuta na taɓa shi sai ya kama kamar an zuba kananzir. Ɓawonsa kuma yakan saluɓe dogo-dogo ya rataya a jikin itacen, idan ya kama da wuta sai iska ta ɗauke shi yana ci, ta jefa shi kilomitoci masu yawa a gaba, ya tayar da sabuwar gobara inda ba a zata ba. Shi ya sa a bakin hanya za ki riƙa ganin wani allo mai siffar rabin faifai, da kibiya a tsakiyarsa tana nuna matsayin haɗarin gobara na wannan rana. Tun daga 2022 matakai huɗu ne: kore, ruwan ɗorawa, ruwan goro, sai ja. A ranar da zafi da iska suka tsananta akan haramta hura wuta a waje gaba ɗaya, har aikin walda a fili, wanda ya karya doka kuwa tara mai nauyi ce ko ɗauri. Ranar da kibiya ta kai kan ja, makarantun da ke wuraren haɗari ba sa buɗewa, kuma shawarar hukuma ga iyalai ita ce su bar gari tun daren jiya ko da sassafe.

RUMFAR KWANO MAI JAR MOTA

Kusan kowane ƙauye muka wuce, komai ƙanƙantarsa, sai na ga wata rumfar kwano mai babbar ƙofa, an rubuta CFA a jikinta, a ciki kuma jar mota mai tankin ruwa. Ita ce tashar hukumar kashe gobara ta karkara. A faɗin jihar akwai irin waɗannan rundunoni kusan 1,200, da masu aikin sa kai fiye da 50,000. Manyan birane suna da 'yan kwana-kwana masu albashi a ƙarƙashin wata hukuma daban tun 1 ga Yuli 2020, haka dazuzzukan gwamnati suna da nasu ma'aikatan, amma gidaje da gonakin karkara a wuyan maƙwabta suke.

Abin ya samo asali ne daga aikin gayya. Tun kafin gwamnati ta sa hannu manoma kan haɗu su bugi wuta da jiƙaƙƙun buhuna da rassan itace. A ranar Juma'a 13 ga Janairu 1939 aka yi wata gobara da ta hallaka mutum 71, aka naɗa alƙali Leonard Stretton ya yi bincike, sannan bayan wata gobarar a 1944 aka yi dokar da ta haɗa waɗannan ƙungiyoyi a inuwa ɗaya, hukumar ta fara aiki a 1945. Ke nan gwamnati ta tarar da mutane a tsaye ne, ta zo ta dafa musu.

Yadda aikin yake tafiya shi ne, wanda ya ga hayaƙi zai buga lamba 000, nan take saƙo ya faɗo cikin wata 'yar na'ura da kowane memba ke ratayawa a ƙugu da kuma wayarsa. Wanda ke kusa sai ya bar tarakta a gona ko tukunya a kan murhu ya nufi rumfa, ya sa kaki ruwan ɗorawa da hular kwano, da an sami adadin da ake bukata mota ta tashi. Ba gobarar daji kaɗai suke zuwa ba, har ta gida da haɗarin mota. Akwai kuma wata runduna mai kaki ruwan goro da ake kira SES, mai masu aikin sa kai kimanin 5,000, ita ce ta ambaliya da guguwa da ciro mutanen da mota ta danne. A wasu ƙauyuka masu nisa da asibiti har akwai waɗanda aka koya wa taimakon gaggawa, su ne ke fara isa wurin mara lafiya kafin motar asibiti ta ƙaraso.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mata suka shiga cikin lamarin dumu-dumu. Akwai masu tuƙa motar, akwai masu riƙe mesa, akwai ma waɗanda su ne shugabannin rundunar garinsu. Wadda ba za ta iya tunkarar wuta ba takan zauna a kan rediyon sadarwa, ko ta riƙe littafin kuɗi, ko ta dafa wa masu aiki abinci, ko ta bi gida-gida tana wayar da kan iyalai yadda za su share busasshen ganye daga rufin ɗaki da kewayen gida. Yara 'yan shekara 11 zuwa 15 ma suna da nasu sashe inda ake fara koya musu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BAƘAR ASABAR

An kafa Marysville a 1863 a matsayin zangon masu zuwa haƙar zinare, kuma sunan mace aka sa masa, wato Mary Steavenson, matar jami'in da ya shata garin. Daga baya ya zama wurin shaƙatawa da amare da angwaye ke zuwa hutun amarci, saboda sanyinsa da lambunansa da wani ruwa mai zubowa daga kan dutse a bayan gari. Mazaunansa ba su wuce kimanin 500 ba a farkon 2009.

A wannan shekarar an daɗe ana fari, ƙasa ta bushe ƙamas. Ranar Asabar 7 ga Fabrairu zafi ya kai maki 46.4 a Melbon, ga wata busasshiyar iska mai ƙarfi daga arewa maso yamma. Da misalin ƙarfe 3 na rana wuta ta tashi a wani wuri da ake kira Murrindindi. Ita wutar daji idan iska na kora ta takan yi tsawo ne kamar harshe, gabanta siriri, gefenta kuma ya miƙe kilomitoci. Da yamma sai iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma, nan take wannan dogon gefe ya zama shi ne gaban wutar, ya nufo Marysville gaba ɗaya. Masu aikin sa kai sun kwashe wasu tsofaffi da marasa ƙarfi, 'yan sanda kuma suka ja ayarin motoci zuwa garin Alexandra ana dab da rufewar hanya. Waɗanda suka rage wasunsu sun kwana a tsakiyar filin wasan garin, wuta na ci ta kowace kusurwa. Da gari ya waye gine-gine ƙalilan ne suka rage a tsaye, cikinsu har da gidan burodi. Wannan wutar ita kaɗai ta kashe mutum 40 a Marysville da ƙauyukan kewaye. A jihar baki ɗaya gobarar wannan rana ta ci rayuka 173 da gidaje sama da 2,000, shi ya sa har yau suke kiranta Baƙar Asabar. Abin tausayi, da yawa daga cikin masu kashe wutar suna can suna kare gidan wani, nasu gidan na ƙonewa a baya.

Yau idan kin shiga Marysville za ki ga gari tsaf-tsaf, sababbin gine-gine, furanni, baƙi na shan shayi a bakin titi. Mun zauna a gefen wannan fili, kusa da wani ɗan tafki, yara na ta guje-guje a kan ciyawar da iyayensu suka kwana a kai cikin firgici. Sai kin ɗaga ido zuwa kan duwatsu za ki ga alamar abin da ya faru: dubban matattun itatuwa farare fat, tsaye ƙiƙam, sun yi wa sabon dajin da ya tsiro a ƙarƙashinsu zarra.

WA KE BIYA?

Aikin dai kyauta ne, amma kayan aikin ba kyauta ba ne, domin babbar motar kashe gobara ɗaya takan ci dubban ɗaruruwan dalolin ƙasar. Kuɗin yana zuwa ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko haraji ne. Kafin 2013 ana cire shi ne a cikin kuɗin inshorar gida, wanda hakan ke nufin wanda bai yi inshora ba bai biya komai ba, alhali idan gidansa ya kama da wuta motar za ta zo. Kwamitin binciken Baƙar Asabar, a ƙarƙashin alƙali Bernard Teague, ya miƙa rahotonsa a Yulin 2010 da shawarwari 67, ɗaya daga ciki ita ce a gyara wannan. Daga 1 ga Yuli 2013 sai aka ɗora harajin a kan kowane gida da gona da shago gwargwadon darajarsa, ƙananan hukumomi na karɓa suna miƙa wa jiha. Daga nan ake sayen manyan motoci, a gina tashoshi, a ɗinka kaki, a biya masu horarwa.

Hanya ta biyu ita ce ta fi burge ni. Gwamnatin jihar tana da wani shiri na tallafin kayan aiki da ake buɗewa kowace shekara, ƙa'idarsa kuwa ita ce duk dala 1 da ƙungiya ta tara, gwamnati za ta ɗora dala 2. Alal misali, idan runduna na son ƙaramar mota ta dala 90,000, sai ta kawo 30,000, gwamnati ta cika 60,000. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba a ba da kuɗin haka kawai a ce a je a yi hidima. Sai an faɗi abin da za a saya, ko injin jan ruwa, ko janareto, ko kwale-kwalen ceto, ko gyaran tasha domin mata su sami wurin sauya kaya da bayan gida nasu, sannan akan bayyana sunan kowace ƙungiya da adadin da ta samu kowa ya gani. Akwai kuma sassauci ga ƙungiyar da ta nuna ba ta da halin kawo nata kason. Hikimar abin ita ce, motar da guminki ke ciki ba za ki zuba ido a lalata ta ba.

Hanya ta uku ita ce ta tara wannan kaso na gari. Za ki ga mutane sanye da kaki suna gasa nama a ƙofar kanti suna sayarwa, ko suna kaɗa gwangwani a mahaɗar hanya, mata kuma su toya kek su kai kasuwar ƙarshen mako. A wannan fage ƙungiyar matan karkara, wadda aka kafa reshenta na Biktoriya a 1928, ta daɗe da yin suna.

Domin ki gane abin da kuɗin gwamnati ke saye, ga wani misali. Ranar 2 ga Disamba 1998 iska ta juya a wata gobara kusa da garin Linton, wuta ta rutsa da mota ɗaya, masu aikin sa kai biyar suka mutu a ciki. Bayan wannan aka wajabta wa kowa samun horo kafin a bar shi ya je bakin wuta, aka kuma bi motoci ana saka musu famfunan da ke yi wa motar kanta feshin ruwa, da labulen da ke tare zafi, da ƙararrawar da ke kaɗawa idan ruwan tanki ya yi ƙasa. Babu ƙauyen da zai iya wannan da kuɗin gasa nama. Haka kuma a 2019 jihar ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa ɗan kwana-kwana, mai albashi ko na sa kai, samun diyya idan ya kamu da wasu nau'o'in ciwon daji bayan shekaru yana shaƙar hayaƙi, daga baya aka ƙara da na mahaifa saboda mata.

Albashi kuwa babu. A Disamban 2019, lokacin da gobara ta ɗauki watanni tana ci a gabashin ƙasar, Firayim Minista na lokacin Scott Morrison ya sanar da biyan dala 300 a rana, har zuwa dala 6,000, ga masu aikin sa kai na jihar New South Wales da suka bar sana'arsu kwana da kwanaki. Abin mamaki, wasu daga cikinsu da shugabanninsu ba su yi na'am da abin ba, suna ganin da zarar kuɗi ya shiga tsakani ruhin aikin zai sauya. Abin da suka fi nema shi ne mota mai lafiya da kaki mai kyau.

KINGLAKE: BAYAN WUTA TA MUTU

Daga Marysville mun koma ta Healesville, muka bi wata hanyar daji ta Toolangi muka hau Kinglake, gari ne da ke shimfiɗe a kan doron dutse, gidaje jefi-jefi, kowanne da tankin tara ruwan sama. Wutar da ta afka wa wannan yanki a Baƙar Asabar ta tashi ne daga wata wayar lantarki da ta tsinke a Kilmore East, ta kashe mutum 119, ta cinye gidaje fiye da 1,200. A 2014 aka sasanta ƙarar da mutanen suka shigar a kan diyyar kusan dala miliyan 500.

A nan ne na fahimci cewa kashe wuta rabin aiki ne. Mota takan koma rumfarta bayan kwanaki, amma uwar da ta rasa gida da hotunan 'ya'yanta da maƙwabtanta, ita shekaru za ta yi tana fama. Iyalai da dama sun zauna a matsugunan wucin gadi. Jama'ar ƙasa sun tara gudummawar kusan dala miliyan 400, gwamnati kuma ta kafa hukumar sake gina yankin a ƙarƙashin wata mata, Christine Nixon, tsohuwar shugabar 'yan sandan jihar. Tsarin da aka bi shi ne kowane gari ya kafa kwamitinsa na mazauna, su faɗi abin da suka fi bukata, ko zauren taro, ko makarantar renon yara, ko filin wasa, sannan a nemo kuɗin.

Matan Kinglake sun fara haɗuwa ne don kawai su ci abinci tare su fitar da abin da ke ransu, daga nan abin ya zama ƙungiya mai suna Firefoxes, wadda daga baya ta riƙa zuwa wasu garuruwan da bala'i ya faɗa wa tana ƙarfafa wa matansu gwiwa. Akwai kuma abin da suke kira gidan unguwa, irinsu kusan 400 ne a jihar. Gida ne buɗaɗɗe da ake koyon ɗinki da kwamfuta, ake raba kayan abinci ga mabukata, uwa ta zo da ɗanta ta sami abokan hira. Gwamnati na biyan awannin aikin mai kula da gidan, sauran hidima kuwa masu sa kai ne. A Kilmore East kuma wani manomi da matarsa, Kevin da Rhonda Butler, da wuta ta cinye shingen gonarsu, sun nemi taimakon jama'a, da aka gama nasu sai suka ci gaba da na maƙwabta, har ta zama ƙungiyar BlazeAid da ke gyara shingen manoma a duk faɗin ƙasar.

Kada ki ɗauka irin waɗannan ƙungiyoyi na shan shayi ne kawai. Wasu mata biyu masu bincike, Debra Parkinson da Claire Zara, sun zauna da matan yankin bayan gobarar, suka gano cewa duka da cin zarafi a gidajen aure sun ƙaru, saboda maza da dama sun fito daga wutar da ciwon zuciya da ba sa iya faɗa, ga rashin aiki, ga shaye-shaye, matan kuma na jin nauyin kai ƙarar mutumin da gari ke kallo a matsayin jarumi. Jami'ar Melbon kuma ta bi rayuwar mutane sama da 1,000 na tsawon shekara goma, ta ga cewa waɗanda ke cikin wata ƙungiya ta gari sun fi saurin samun kwanciyar hankali. Ashe ɗan kuɗin da ake ba gidan unguwa shi ma kuɗin agajin gaggawa ne.

'Yan uwanmu Musulmi na ƙasar ma ba a bar su a baya ba. A gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta kashe mutum 33 ta ƙone gidaje sama da 3,000 a ƙasar, matan cibiyar Musulunci ta unguwar Newport a Melbon sun tara kaya cike da manyan motoci, suka yi tafiyar awanni zuwa yankin Gippsland a gabashin jihar, suka dafa wa 'yan kwana-kwana abinci da hannunsu. Jaridun duniya sun ɗauki labarin.

INDA AKA SAMU SAƁANI

To amma fa kada ku zaci komai lafiya lau yake, domin harshe da haƙori ma sukan saɓa. A hanyarmu ta dawowa mun ga alluna a ƙofar wasu gonaki na nuna fushi da sabon haraji. A watan Mayu na 2025 majalisar jihar ta soke tsohon harajin gobara ta maye gurbinsa da wani asusu mai faɗi, wanda ya fara aiki 1 ga Yuli, ya haɗa har da SES da cibiyar amsa kiran gaggawa. Hujjar gwamnati ita ce gobara da ambaliya sun ƙaru, kuma kowane sisi ga ayyukan agaji zai tafi. Sai dai a lissafin da aka fitar, gona mai darajar dala miliyan 1 da ke biyan dala 287 a shekara za ta koma biyan 718, ban da wani tsayayyen kuɗi da kowa ke biya. Su kuwa manoman nan su ne mafi yawan masu hawa motar a karkara, ga shi a lokacin ana fari. Suka ce wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar 20 ga Mayu dubbansu suka shigo Melbon da motocin kashe gobara da taraktoci suka cika ƙofar majalisa, wasu suka rataye kakinsu a kan shinge. Gwamnati ta tanadi rangwame ga masu aikin sa kai a kan gidan da suke zaune ko gonarsu, kuma kafin watan ya ƙare ta dakatar da ƙarin da aka yi wa manoma na wannan shekarar.

Akwai wasu koke-koken. Ƙungiyar masu aikin sa kai ta daɗe tana cewa akwai motocin da suka haura shekara 30 suna aiki. Matasa na ƙaura zuwa birni, waɗanda suka rage a rumfa furfura ta fara yi musu yawa, ga cike-ciken takardun neman tallafi da ke cinye daren mutumin da ya wuni a gona. Duk da haka ban ji labarin garin da ya ce a rufe rumfarsa ba.

'Yan uwa, abin da na gani a waɗannan garuruwa shi ne an raba kaya gwargwadon ƙarfin kowa. Mutanen gari sun ba da jikinsu da lokacinsu, domin su ne ke kusa, su suka san gidan da tsohuwa ke kwance da gidan da ke da jariri. Gwamnati ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, wato mota da horo da diyya, ta kuma yi shi a fili ta yadda kowa zai iya bin sawun kuɗin. Ranar da ɗaya ya ga kamar an ɗora masa fiye da kima, ya fito ya faɗa, aka zauna aka duba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ma muna da 'yan agajinmu da ƙungiyoyin unguwa da na mata da ke irin wannan hidima ba tare da ko sisi ba, to idan kun haɗu a taronku na gaba ku tambayi juna: in wani abu ya faru a unguwarmu cikin dare, wa za a fara kira, kuma me ke hannunsa na aiki? Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da ambaliya da dukkan bala'i, ya saka wa masu taimakon jama'a da alheri a duk inda suke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.